Ruwan Wankan Kaka

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina. An ce abin da mai wankan gawa ta gani, da shi ake binne ta, ni kuma karatuna bai wuce firamare ba, balle in tsoma baki a maganar malamai. Sai da ɗan marigayiyar da kansa ya aiko cewa a rubuta, sannan na ɗauki biro. Labarin autarmu ne, kamar yadda ta ba ni shi.

Auta ta tafi ƙasar waje karatun addini tana yarinyar da ko sallamarta sai an kasa kunne ake ji. Da ɗakunan kwanan jami'a suka cika, sai ofishin ɗalibai ya haɗa ta da wata tsohuwa mai ɗaki guda da ba kowa a ciki, a can saman wani dogon bene kusa da tashar bas. Tun ranar farko tsohuwar ta ce kada ta ji an kira ta da komai in ba Kaka ba. Ita kuma ta laƙaba wa Auta Malama Shiru. In ta ga tulin littattafai a kan teburin kicin sai ta tambaya ko a cikinsu babu wanda ya koyar da yankan albasa, don ita dai ba ta ga alama ba.

A shekara ta biyu ne, wata rana da yamma, Auta ta dawo da fara'arta. An fito da sakamakon jarrabawar babin jana'iza, mutum ɗaya ce kawai ta fi ta maki a ajin. Kaka tana fere dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce to shi ke nan, ta samu mai yi mata wanka. Auta ta yi dariya. Kaka ba ta taya ta ba. Ta ajiye wuƙar ta ce matan masallacin nan masu wankan gawa hannunsu na da kyau, amma bakinsu ya fi hannun aiki, ba ta son ko ɗaya a kanta. Kuma kada a bari ta daɗe a firijin asibiti kamar kifi.

"Ki ce kin ɗauka."

"Na ɗauka, Kaka."

Ta faɗa ne kamar yadda ake cewa yaro za a sayo masa jirgin sama. Tsohuwar da take hawa benen nan da ledar cefane a kowane hannu, wa zai kawo mata mutuwa kusa?

Ciwon ƙirji ya kwantar da Kaka asibiti cikin sanyin shekarar, ranar Juma'a da la'asar ta cika. Da safiyar Asabar ɗanta ya ƙwanƙwasa ƙofa. Direban bas ne, babban mutum mai furfura a gemu, Auta tana kiransa Kawu. Bai zauna ba. Ya ce mahaifiyarsa ta gaya masa wasiyyar, ya kuma gaya wa Liman, matan masallaci sun ɗan ji haushi amma sun janye. An riga an kai ta ɗakin wanka na bayan masallaci. Abu ɗaya ne: ma'aikatan maƙabarta suna tashi da azahar ranar Asabar, ba sa dawowa sai Litinin. In aka makara, sai dai a mayar da ita asibiti.

Auta ta san babin tun daga niyya har ɗaurin likkafani, amma ko mushen kaza ba ta taɓa ɗauka ba. Kuma mutum ɗaya ba ya juya gawa. Sai ta kira wadda ta fi ta maki, wata 'yar ajinsu doguwa mai gilashi, wadda ɗalibai suke kira Alƙaliya saboda ba a yin magana a gabanta ba ta tambayi hujja ba, har malamai. Alƙaliya ta ce ita ma ba ta taɓa yi ba, amma farali ne a kan al'umma, ba a gudunsa. Ta iso da littafinta a jaka.

Ɗakin ƙarami ne, farin tayil har sama, taga ɗaya can kusa da rufi. A tsakiya akwai teburin ƙarfe mai kwata a gefe inda ruwa yake gangarewa. An jera bokitai, moɗa, safar hannu, auduga, sabulu, kafur da garin magarya. Ladan ya ce famfon ruwan zafi ya lalace, amma ya dafa musu a kicin ya sirka, su yi sauri kada ya huce. Ya ja musu ƙofa. A bayan ƙofar akwai siririn lungu da benci, inda maza suka fara taruwa, ana jin tarinsu da jan takalmansu.

Kaka ta ƙanƙance a ƙarƙashin farin zanen. Auta ta tsaya a kanta, ta sa safar hannu. Da ta buɗe fuskar sai ta ga bakin nan a ɗan karkace, kamar ana shirin yi mata tsiya a kan albasa, sai hankalinta ya ɗan kwanta. Suka yi bisimilla. Suka rufe ta da mayafi mai kauri daga ƙirji zuwa gwiwa, suka zare rigar asibitin ta ƙarƙashi. Alƙaliya tana faɗin abin da ke biye a hankali, Auta tana yi. Suka tsarkake ta, suka yi mata alwala, suka wanke kai. Ruwan yana da ɗumi daidai yadda Kaka take so a kofin wanke baki. Aiki ya fara tafiya.

Da suka zo ɓangaren dama, Alƙaliya ta tallafo kafaɗar, Auta ta ɗebo ruwa. Mayafin ya ɗan zame. A saman dantsen, inda hannun riga yake rufewa ko da an naɗe shi don alwala, akwai zanen jarfa, irin wanda ake yi da allura ba ya fita. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ya koɗe, ya bi tamojin fata, amma ba mai ganinsa ya yi tambaya. Gicciye ne.

Moɗar ta tsaya a sama. Auta ta ja mayafin ta rufe, kamar rufewar za ta mayar da abin inda ya fito. Alƙaliya ta sauke kafaɗar a hankali, ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Kin san da shi?"

"A'a."

"Shekara biyu kina gidanta."

"Ban taɓa ganin kafaɗarta ba."

Alƙaliya ta cire gilashinta ta goge da gefen hijabi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta ɗagawa. Ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, su ɗalibai ne. Liman yana bayan ƙofar nan, tambaya ɗaya ce, ya yanke, su huta. Mutane za su tsaya sahu su sallaci matar nan a kan shaidar su biyun, za a sa ta a maƙabartar musulmi a kan shaidarsu, ita kuma ba za ta ɗauki wannan nauyin ido rufe ba.

Auta ta san yadda tambaya ɗaya take zama a lungu irin wannan. Liman mutum ne mai taka-tsantsan, zai ce a kira Kawu. Kawu zai sha tambaya a gaban abokan aikinsa da surukansa. Wani dattijo zai ce a kawo takardar shiga Musulunci, wani ya ce a jira shugaban kwamitin masallaci. Kafin a gama azahar ta yi, a mayar da Kaka firiji. Ko an binne ta ran Litinin, maganar ba za a binne ta ba, za ta bi jikokinta har makaranta.

Ta buɗe baki, muryar ta fito siririya. Ta ce ai a babin nan da suka ci jarrabawarsa an ce mai wanka amintacciya ce, in ta ga alheri ta faɗa, in ta ga wanin haka ta rufe. Alƙaliya ta ce wannan a kan aibin jiki ne, ko canjin kama, ba a kan asalin addini ba. Auta ta ce da zahiri ake hukunci, ita kuma zahirin da ta sani shi ne ƙarar kujerar da Kaka take salla a kai, kullum da asuba, ta bayan bangon ɗakinta. Alƙaliya ta ce wannan ma zahiri ne, ga shi a fata. Ta kawo maganar wani malami, Auta ta kawo ta wani. Har Alƙaliya ta cire safa ta zaro littafin daga jaka tana neman shafi, suka duƙufa a kai su biyu kamar suna ɗakin karatu, tsohuwa tana kwance da rabin jiki a jiƙe.

Sai Alƙaliya ta rufe littafin a kan yatsanta.

"Ke kika taɓa ce mini ranar Lahadi kin fi samun karatu, don gidan naki ne ke kaɗai. Ina take zuwa?"

Duk Lahadi da hantsi Kaka takan sa kwat ɗinta mai kyau, ta ɗauki fulas ɗin shayi da 'yar jaka, ta fita, sai bayan azahar. Ko ruwa ake ko ƙanƙara. Sau ɗaya Auta ta tambaya, ta ce zance take zuwa, ko Malama tana da fatawa a kai? Ba ta sake tambaya ba.

"Ban sani ba," in ji ta.

"To kin gani."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Kawu ce, ƙasa-ƙasa, yana cewa 'yata, motar ɗaukar gawa ta iso, ba gaggawa yake musu ba, yana dai sanar da su ne. Auta ta ce to, Kawu. Ta tsoma hannu a bokiti. Ruwan ya huce, har ya fara ɗaukar sanyin tayil.

Wannan ne ya fi komai taɓa ta. Matar da ko a bazara ba ta wanke hannu da ruwan sanyi, ga ta an bar ta a kan ƙarfe ana jan hujja a kanta. A ran Auta ma tambayar Lahadin tana nan tana cizo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ta san wadda ta tashe ta sahur duk azumin bara, ta san wadda ta ce mata ki ce kin ɗauka.

Ta juyo ta dubi Alƙaliya ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa kowa a ajin ba.

"'Yar'uwa, ni aka ba wasiyya, ba ke ba. Ni zan shaida na gan ta tana salla, don na gani. Abin da ban gani ba, ba zan fita in tambayi maza a kansa ba. In da laifi, a wuyana. In ba za ki iya ba, ki tafi, ban riƙe ki da komai ba. Amma ki bar mini ita in gama."

Alƙaliya ta mayar da littafin jaka, ta gyara hijabi, ta buɗe ƙofa ta fita.

Hayaniyar lungun ta shigo ta sake yankewa. Auta ta tsaya ita da Kaka. Ta kasa kunne. Ta ji takun Alƙaliya, ta ji maza suna matsa mata hanya, ta ji muryar Liman yana tambayar ko lafiya. Amsar ba ta jiyo ba.

Ta ce a ranta ko me za a yi, a tarar da ita tana aiki. Ta cusa hannu ƙarƙashin kafaɗar don ta juya ta, ta kasa. Tsohuwar da ba ta kai buhun shinkafa ba a raye, yanzu ta yi nauyin dutse. Ta sake gwadawa, ta tokare da gwiwa a jikin teburin, mayafin yana neman zamewa, ta saki ta kama shi. Gumi ya keto mata cikin sanyin nan. Ta ji kanta tana cewa ki taimake ni mana, Kaka, ke kika jawo mana wannan. Hawayen da ba su zo ba tun jiya suka zo, ba ta da hannun share su. A waje wani ya yi gyaran murya kusa da ƙofa. Ta tsaya cak, tana jiran a kira Kawu da sunansa, ko a ce mata ta dakata.

Marfin ƙofar ya motsa. Alƙaliya ce, ta turo da kafaɗa, hannunta riƙe da babbar butar ƙarfe tana tururi. Ta mayar da ƙofar da ƙafa. Ta juye ruwan a bokiti, ta gwada da bayan hannu, ta ƙara na sanyi kaɗan, ta ɗauki sabuwar safa.

"Me kika ce wa Liman?"

"Na ce ruwa ya huce." Ta zagaya ɗaya gefen teburin. "Kada ki ɗauka kin kayar da ni. Har yanzu ina ganin tambaya ta fi. Amma ke kika zauna da ita, shaidarki ta riga zatona. Kama nan."

Suka juya ta. Suka wanke dama, suka wanke hagu, suka maimaita, na ƙarshe da kafur. Da aka zo kafaɗar, Auta ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta wanke wurin kamar ko'ina, Alƙaliya ta kawar da kai tana kallon taga. Suka tsane ta da tawul. Gashin fari ne sol, laushi kamar auduga, Auta ta raba shi uku ta kitse, ta kwantar a baya. Wajen ɗaurin likkafani Alƙaliya ta ɗaure ta kwance har sau biyu, tana cewa a littafi bai yi wuya haka ba.

Da suka buɗe ƙofa maza suka miƙe. Liman ya matso, ya yi musu sannu, ya tambaya kamar yadda aka saba ko komai ya tafi daidai. Alƙaliya ce a gaba, ita ya duba. Alƙaliya ta gyara gilashi, ta matsa gefe, ta ce ga mai wankan nan, ita taimako kawai ta yi.

"Lafiya lau, Malam," in ji Auta. "Fuskarta tas."

Wannan kuwa gaskiya ne. Aka ɗauki makara. Aka yi salla a harabar masallaci, motar ta tashi rana ba ta kai tsaka ba. Su biyun suka koma suka wanke teburin da bokitan. A tashar bas Alƙaliya ta ce za ta je ta ƙara bincike a kan mas'alar, ba tare da ta ambaci kowa ba, in ta gano Auta ce da kuskure za ta gaya mata ita kaɗai. Auta ta ce ta yarda.

Da yamma, bayan masu gaisuwa sun ragu, Kawu ya same ta a kicin tana wanke kofuna. Har yanzu akwai jar ƙasa a bakin wandonsa. Ya zauna a kujerar da Kaka take fere dankali, ya daɗe yana juya murfin fulas a hannu.

"Kin gani ko?"

Auta ba ta juyo ba. Ta ce ita wanka aka sa ta, ta yi.

Ya yi 'yar dariya wadda ta fi kusa da kuka. Ya ce haka tsohuwar ta ce za ta amsa. Tana jaririya iyayenta suka yi mata zanen, haka ake yi a gidansu. Ta musulunta tun kafin ta haɗu da mahaifinsa, amma dangin miji suka samu abin gori, har ta daina zuwa wurin taron mata. Shi kansa sau ɗaya ya gani, yana yaro. Ya ce ranar da ta gaya masa wadda ta zaɓa, ya ce mata ai yarinya ce, karatu kawai ta sani. Ta ce ba don karatun ba ne, malamai sun yi yawa a garin nan. Shekara guda ta yi tana gwada ta da ƙananan maganganu, ba wadda ta taɓa dawo mata ta bakin wani.

Auta ta ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita. Da ta ga zai tashi, sai ta yi ƙarfin hali.

"Kawu, ranar Lahadi fa?"

Ya koma ya zauna. Ya ce wurin yayarta take zuwa, ita kaɗai ta rage mata a gidan iyayensu, tana gidan tsofaffi a ƙarshen layin bas ɗin da yake ja. Ita tana nan a kan addinin iyayensu. Ƙafafunta sun mutu, idon ma saura kaɗan. Duk Lahadi mahaifiyarsa takan je ta tura ta a keken guragu zuwa cocinsu, ta miƙa ta ga masu tsaron ƙofa, ita kuma ta zauna a wani benci a tsallaken titi da carbinta har a tashi. Sannan su sha shayi su yi faɗa a kan wadda ta fi tsufa da muni. Ya ce ya je jiya ya gaya mata rasuwar. Sai ta ce to ran Lahadi wa zai kai ta? Shi kuma gobe dole ya zauna karɓar gaisuwa, bai san yadda zai yi ba.

Ya ajiye murfin fulas ɗin a kan tebur ya fita wurin baƙi.

Washegari Auta ta yi asuba ba ƙarar kujera ta bayan bango. Da gari ya waye ta dafa shayi mai kauri, sukari kaɗan, yadda Kaka take yi, ta cika fulas ɗin. Ta tsaya a bakin ƙofar falo har Kawu ya ɗago, ta tambaye shi lambar bas da hawan da ɗakin yake. Ya dube ta, ya dubi fulas ɗin, ya faɗa mata. Ya ƙara da cewa ƙafar keken ta hagu tana ja gefe, sai an danna da ƙarfi wajen hawa dakalin titi, kuma tsohuwar ta fi ƙanwarta baki, ta shirya.

Auta ta sa littafin da za a yi musu tambayoyi a kansa ran Litinin a jaka, don zaman benci. Ta ɗauki kwat ɗinta, ta sauka benen.